Sulallan da suka mutu a New Bell

A Turai da Amurka akwai masu tara tsofaffin kuɗin ƙarfe, ba don su kashe ba, sai don su adana, su jera, su san shekarar kowanne da sarkin da aka buga shi a zamaninsa. Sun daɗe da kafa ƙungiyoyi: ta Landan tun 1836, ta Faransa 1865, ta Amurka 1891. Daga waɗannan manya aka samu ƙanana a garuruwa da ƙauyuka, inda ake haɗuwa wata-wata, kowa ya buɗe akwatinsa a yi kallo, a yi musaya. Kukan da ƙananan ke yi yanzu shi ne dattawansu suna ƙarewa, matasa kuma sun mayar da cinikin intanet.

Wannan ba al'adar Bahaushe ba ce. Ba ma yin rajista da shugaba da ma'aji saboda kwabon da ya daina ci. Amma wanda ya ɗauka Hausawan Duwala ta Kamaru ba su tara sulalla ba, bai taɓa ganin an zazzage tsohuwar kwalla a ɗakin wata gyatuma ba. Sun tara, kuma suna da dalilin da ya fi na Bature ƙarfi. Mutumin da aka haifa a 1900, ya zauna a bakin kogin Wouri har 1975, ya riƙe mark ɗin Jamus, ya riƙe sulen Ingila, ya riƙe faran ɗin Faransa iri-iri, ya mutu yana kashe sefa. Duk lokacin da mulki ya juya, akan bar shi da 'yan sulalla a hannu waɗanda babu mai karɓa. Masu adana su kuwa mata ne, da maƙeran fari, da 'yan canji, da iyayen adashi.

Kafin Turawa su kafa tuta, gaɓar Duwala ba ta san kuɗin ƙarfe a matsayin abin cinikin yau da kullum ba. Sarakunan Bell da Akwa suna tsaye tsakanin jiragen Turawa da mutanen cikin ƙasa, ana ba da manja da ƙwarar kwakwa da hauren giwa, ana karɓar yadi da gishiri da bindiga da barasa. Lissafin duka ana yin sa da wani ma'auni da ake kira kru, wanda ba kwandala ba ce da za a sa a aljihu, ƙimar kaya ce kawai da aka yarda da ita. Haka abin yake har ranar 12 ga Yuli 1884, da Sarki Ndumbe Lobe Bell da Sarki Akwa suka sa hannu a takardar kamfanonin Woermann da Jantzen & Thormählen, bayan kwana biyu wakilin gwamnatin Jamus, Gustav Nachtigal, ya ɗaga tutarta.

Arewa kuwa ta riga ta yi nisa a harkar kuɗi. Ƙasar Hausa wuri take ci. Ana zuba shi a tabarma a ƙirga biyar-biyar da yatsu, a tara ashirin-ashirin, a haɗa ɗari, har a cika keso na wuri 20,000, wanda dakonsa kaɗai aikin ƙato ne. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da dalar azurfa guda. Da ya isa Adamawa a shekarar, ya tarar ƙyallen saƙi ne kuɗin kasuwa. Saboda haka falken da zai tashi daga Kano ya bi ta Yola, Ngaundare, Tibati, Banyo ko Yoko neman haure da goro, daga baya roba, ba zai iya jan buhunan wuri duk wannan tafiya ba. Abin da yake ɗaurawa a ƙugu shi ne liyari.

Liyari ita ce dalar Maria Theresa, sarauniyar Ostiriya. Ta rasu a 1780, amma an ci gaba da buga kwandalar da wannan shekara a jikinta, ba a sauya ba, domin kasuwannin Larabawa da Habasha da Barno da Hausa ba sa yarda da wadda aka taɓa wa fasali. Nauyinta giram 28 ne, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Mai karɓa yakan shafa ta da babban yatsa ya ji ko adon kafaɗar sarauniya bai goge ba, ya jefa ta a kan dutse ya saurari ƙararta. Babu gwamnatin da ta tsaya mata a waɗannan ƙasashe, kuma ba ta buƙata. Darajarta a jikinta take. Da wannan tunani Hausawa suka gangaro kudu, kuma shi ne ya raba musu kuɗin da ake adanawa da wanda ake kashewa nan take.

Jamusawa ba su buga wa Kamaru kuɗinta na kanta ba, ko da yake sun yi wa Gabashin Afirka nata kuɗin na rupi. Mark da fenik na can gida suka kawo, suka dasa su ta hanyar albashin soja da ɗan dako da leburan jirgin ƙasa, suka karɓe su ta hanyar haraji. Layin dogo daga Bonaberi ya kai Nkongsamba a 1911, wani ya nufi Edeya da Eseka. Inda duk aka yi tasha, sai ka ga mahauci da mai koli sun kafa rumfa, kuma galibi da Hausa suke magana.

Ita kanta New Bell a rikici aka haife ta. Tun 1910 hukumar Jamus ta ƙudura kwashe mutanen Duwala daga bakin ruwa, ta mayar da tudun Joss da kewaye unguwar Turawa zalla, ta bar fili mai faɗin kilomita guda tsakani, wai don kiwon lafiya. Bayan wannan fili aka yanka sabuwar unguwa aka sa mata suna Neu-Bell. Sarkin Bell, Rudolf Duala Manga Bell, wanda ya yi karatu a Jamus, ya ja da wannan ƙwace da takarda da lauya, aka ɗora masa laifin cin amanar ƙasa, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914 tare da sakatarensa Ngoso Din. 'Yan gari ba su taɓa son wurin ba. Baƙi ne suka cika shi: Hausawa, Bamileke, Basa, Ewondo, mutanen Legas da Dahome da Senegal. Lynn Schler ta rubuta littafi guda a kan waɗannan baƙi na New Bell daga 1914 zuwa 1960. Unguwar Hausawa da masallacinta da mahautanta a nan suka kafu, kusa da inda kasuwar Kwango da babbar kasuwa suke a yau.

Makonni bakwai bayan rataye Manga Bell, ranar 27 ga Satumba 1914, Duwala ta faɗa hannun sojojin Ingila da Faransa. Da yawa daga cikin sojojin da Ingila ta kwaso daga Najeriya Hausa suke ji, kuma da sule da sisi da taro ake biyan su. Na ɗan lokaci kuɗi uku suka riƙa yawo a kasuwa ɗaya. A 1916 aka raba ƙasar, Duwala ta zama ta Faransa, mark ya zama kuɗin wanda aka kora. A nan mutane suka ga abin da ba su manta ba. Takardun da gwamnatin Jamus ta buga na wucin gadi a farkon yaƙi sun zama shara. Fenik na tagulla ya zama abin wasan yara. Amma mark na azurfa, da manyan masu kan Kaisa Wilhelm, ba su rasa mai so ba, domin maƙeri yana saye.

Maƙerin fari shi ne babban mai tara sulalla a cikinmu, shi ne kuma babban mai hallaka su. Mace takan kawo masa liyari uku ko huɗu a ƙulle a bakin zane. Idan ado take so da kwandalar yadda take, sai ya liƙa mata ɗan kunne a gefe, a zura zare ko sarƙa, ta rataya a wuya ko a jera wa amarya a goshi. Wadda aka yi wa haka ta tsira, ko da yake Baturen da ke tara kuɗi zai ce an lalata ta. Idan kuwa munduwa ake so ko zobe ko warwaro, sai ya sa su a ɗan kasko, ya rufe da gawayi, yaro ya kama zuga-zugi. Kan sarauniya ya narke, kan Kaisa ya narke, dalar Faransa mai faran biyar ita ma ta bi su, a zuba a kwami a fito da sanda. Wa ya san yawan tarihin da ya bi ta wannan kasko? Ni dai ban ga laifinsu ba. Matar da ke da munduwar azurfa tana da abin da za ta sayar ranar da miji ya kwanta ciwo ko aure ya mutu, kuma ba sai ta nemi izinin kowace hukuma ba. Wadda ta adana takarda ce ta yi kuka.

Faransa ta buga wa Kamaru kuɗinta na farko daga 1924: santim 50, faran 1 da faran 2, masu ruwan rawaya, an rubuta a jikinsu cewa ƙasa ce ta riƙon amana. Babu ko ɗigon azurfa a ciki. Ingila ma a 1920 ta janye azurfa daga sulallan Afirka ta Yamma ta koma gaurayen ƙarfe. Tun daga nan kuɗin da ake kashewa ya rabu da kuɗin da ake adanawa, ba su sake haɗuwa ba.

Akwai kwandala guda daga wannan zamani da ta cancanci a juya ta a tafin hannu. Ta 1943 ce, jar tagulla, faran ɗaya ko rabinsa. A fuska ɗaya zakara ne ya miƙe, a ɗayar kuma gicciye mai hannu biyu, alamar 'yan gwagwarmayar Janar de Gaulle. Ba a Faris aka buga ta ba, domin Faris tana hannun Hitila. A Pretoriya ta Afirka ta Kudu aka buga ta. Dalili kuwa shi ne a daren 26 ga Agusta 1940 wani hafsan de Gaulle mai suna Leclerc ya shigo Duwala cikin kwalekwale da mutane ƙalilan, gari ya waye ya karɓe mulki da sunan de Gaulle, wanda shi ma ya sauka a birnin ranar 8 ga Oktoba. An buga kwandalar iri biyu, ɗaya ta ce Kamarun Faransa, ɗaya ta ƙara kalmar 'yanci. Mai ƙosan da ta karɓe ta ba ta karanta rubutun ba, kuma 'yancin da ake nufi ba nata ba ne. Bayan shekara goma sha biyu, a watan Mayu 1955, a titunan New Bell ɗin nan aka harbe masu neman nasu 'yancin.

Ranar 26 ga Disamba 1945 aka ƙirƙiro sefa. Sulallan 1948, faran 1 da faran 2 masu kan barewa, na goran ruwa ne, ba su da nauyin kirki, ba su da ƙara. A 1958 aka fito da 5 da 10 da 25 masu kawunan wasu manyan dabbobin dawa guda uku, dangin gwanki, masu murɗaɗɗen ƙaho, zanen da ya zauna a aljihun mutanen yankin shekaru da dama.

Sai dai Duwala ba ta taɓa zama garin kuɗi ɗaya ba, saboda kogin Mungo yana nan kusa, kuma a lokacin ƙetarensa yana ƙarƙashin mulkin Ingila. Tiko, Kumba, Biktoriya da ake kira Limbe yanzu, har Bamenda, duk da fam da sule suke ciniki, kuma duk akwai zangon Hausawa. Mai goro ko mai shanu da ke zirga-zirga dole ya iya lissafi biyu, daga nan 'yan canji suka samu abin yi. Ta wannan hanya kwabo mai huji ya shigo New Bell, da ƙanensa anini, waɗanda aka fara bugawa tun 1907, masu tauraro mai tsini shida. Hujin ya sa ana zura su a igiya, kuma shi ya cece su bayan sun daina ci. Wani an ɗaura wa yaro tare da laya, wani kafinta ya sa shi ƙarƙashin ƙusa ya buga kwanon rufi. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 11 ga Fabrairu 1961 da haɗewar ƙetaren Mungo da sauran Kamaru ranar 1 ga Oktoba, sefa ta maye gurbin fam a yammacin Kamaru a 1962. Wani tulin sulalla ya sake mutuwa a hannun mutane. Najeriya ma ta yi nata sauyin ranar 1 ga Janairu 1973, naira da kwabo suka kori fam da sule, duk wanda ke Duwala da ragowar sulen gida ya makara.

Kwandalar faran 50 ta 1960, wadda aka buga don tunawa da ranar 1 ga Janairu da Kamaru ta samu 'yancin kai ƙarƙashin Ahmadu Ahidjo, ita ce ta farko da wasu suka ajiye don tunawa kawai. Bayan kafa BEAC, babban bankin sefar Afirka ta Tsakiya, a 1972, aka riƙa buga faran 100 da sunan kowace ƙasa, sai ka ga na Cadi da Gabon da Kwango a cikin canjin mai shago, daga 1985 har da na Gini Ikwatoriya. Yara sukan yi gasar wa ya haɗa ƙasashe da yawa. Ta Afirka ta Yamma kuwa, wadda baƙo daga Maraɗi ko Damagaram kan zo da ita a aljihu, sunanta sefa, ƙimarta ɗaya, amma mai tebur a Duwala zai mayar maka da abarka. Ita ma sai ta faɗa kwalla.

Idan ana neman abin da ya yi kama da ƙungiya a wannan harka, to a cikin gida yake. Matar kulle tana soya ƙosai ko tana dafa dambu, 'yar talla ta fita da faranti, ta dawo da biyar-biyar da goma-goma da ashirin da biyar a ƙulle. A nan ake raba su: na jari, na cefane, na asusu, na adashi. Asusun ƙasa ba ya buɗuwa sai an fasa, kuma ba a fasa shi sai da dalili, ko sallah ta matso ko ana haɗa kayan ɗaki. Uwar adashi kuwa ta fi kowa sanin sulalla a unguwa. Ta san wadda ta goge har ba a karɓa, ta san ta wata ƙasa, ta san ta jabu. Maƙwabta Bamileke suna da nasu da ya fi namu tsari da girma, masu Faransanci suna ce masa tontine, na ƙetaren Mungo suna cewa njangi. Haka yake a ƙananan zangon da ke bin layin dogo, Mbanga da Lum da Eseka, da ƙauyukan arewa da samari ke barowa su zo Duwala neman kuɗi, musamman bayan jirgin ƙasa ya isa Ngaundare a 1974. A ƙauye ma tsofaffin sulalla sun fi daɗewa, domin labarin an daina karɓar kuɗi yakan iso bayan wa'adi ya wuce.

Abin da ya karya wannan duka ba gajiyar mutane ba ce. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka wayi gari an raba darajar sefa biyu, faran ɗin Faransa da ake saye 50 ya koma 100. Wadda ta shekara tana cika asusu ta fasa ta tarar rabin wahalarta ta tafi, alhali ko biyar ba a ɗauka ba. Farashi ya tashi, faran 1 da 2 suka ɓace daga kasuwa, 5 da 10 suka zama abin sadaka. BEAC ta sake fito da jeri cikakke a 2006, daga 1 har 500, amma ƙananan ba su da abin da za su saya.

Daga nan sai manyan ma suka yi wuya. Duk wanda ya zauna Duwala a 'yan shekarun nan ya san wannan magana. Ka tsaya gaban mai tsire da yamma, ka miƙa takardar 1,000.

"Alhaji, ba ka da ƙanana?"

"Wallahi babu, Malam."

"To sai dai in ƙara maka nama, ko ka bari sai gobe."

Mai shiga tasi tun kafin ya buɗe ƙofa yake faɗin takardar da ke hannunsa, in direba ba shi da canji ya wuce abinsa. Kantin magani ya ba ka alewa ko ya rubuta maka bashi a ɗan ƙyallen takarda. A wajajen 2018 kafofin labarai na Kamaru suka yi ta kawo rahoton cewa ana saye sulallan 50 da 100 sama da ƙimarsu, ana fitar da su Asiya a narke a yi kayan ado, wasu kuma suna maƙale a cikin injinan caca da suka cika unguwanni. Abin dariya ne mai ɗaci, domin aikin da maƙerin New Bell ya yi da kasko guda shi ne ake zargin ana yi yanzu da kwantena. Ana cikin haka kuɗin waya ya zauna da gindinsa. MTN da Orange sun fara nasu a farkon shekarun 2010, har gwamnati ta ɗora masa haraji a Janairu 2022. Adashi bai mutu ba, ya ma ƙara girma, sai dai zubi ya koma takarda da saƙon waya, uwar adashi ta daina ƙirga ƙarfe a tabarma. Amarya kuma zinarin Makka da Dubai take so, liyari ta zama kayan kaka.

Yau in tsohuwa ta rasu aka zo rabon gado, ana lissafa zinari da atamfa da kwanuka, kwallar matattun sulalla kuwa a tura ta ƙarƙashin gado ko a bar wa yara. Masu nemanta da gaske iri biyu ne, kuma babu wanda tarihi ya dama a cikinsu. Akwai dillalan kayan gargajiya da ke saye da arha su sayar wa baƙi. Akwai kuma masu bin jita-jitar cewa kayan zamanin Jamus, kwandala ko dutsen guga ko fitila, suna ɗauke da wani sinadari da ake saye da miliyoyi, jita-jitar da ta sa an tone kaburbura, an kuma damfari mutane da dama. Babban Bankin Najeriya ya buɗe gidan tarihin kuɗi a Abuja a 2009, bankin sefar yamma yana da nasa a Dakar. A ganina ɗaki guda a jikin makarantar Islamiyya a New Bell, da akwatin gilashi da malami ɗaya mai haƙurin tambayar tsofaffi, zai fi su amfani ga yaran unguwar, domin kwandala ba ta faɗin wanda ya kawo ta ko abin da aka saya da ita, sai in mai ita tana da rai.

Ranar 2 ga Afrilu 2025 BEAC, ƙarƙashin gwamnanta Yvon Sana Bangui, ta saki sababbin sulalla guda tara, har da ta faran 200 da ba a taɓa yi ba a yankin. Bankin ya ce an sauya gaurayen ƙarfen ne don kada su yi wa masu narkarwa amfani. Tsofaffin na 2006 ba a soke su ba, suna ci tare da sababbin.